Jinkar Rumbun Salihatu

Tun kafin su bar Kontagora Inna Ruka ta gama raba wa kowa matsayinsa. Ita ce uwa mai rakiya, 'yarta Salihatu ce bazawarar da za ta je ganin 'ya'yanta, shi kuwa Yahya direba ne. Direba kawai, wanda aka ɗauko shata a tasha.

Yahya ya ce to. Me zai ce? Mutumin da ya shekara yana sintiri a ƙofar gida yana neman auren 'yarki, ko jaki kika ce ya zama cewa zai yi a kawo mangala. Ya rufe shagonsa na maganin gona, ya wanke tsohuwar motarsa, ya cire agogo da hula mai kyau don kada a gane shi.

Salihatu tana baya, ta jingina kai da gilashi. 

Mijinta Zaidu mutumin kan duwatsu ne, can gaba da Rijau, neman abinci ya kawo shi gari har suka yi aure. Da ya rasu, tana fita takaba mahaifinsa Baba Andarawus ya sauko ya tafi da yaran biyu, Maryam da ƙaninta Bawa, wai su je su san gidan ubansu. Ranar ta yi kuka har murya ta dushe. Daga nan kuma kukan ya ƙafe gaba ɗaya. In an ba ta abinci ta ci, in an kawo ɗinki ta hau keke, in Yahya ya zo ta fita zaure ta saurare shi. Tana sonsa, ta san tana sonsa, amma son yana can ƙasa kamar ruwan rijiyar da guga ba ya kaiwa.

Dabarar Inna Ruka mai sauƙi ce a baki. A je a yi gaisuwa, a roƙi yaran su sauko gari su shiga makaranta. In sun sauko, a ɗaura aure da Yahya, sai a ga wanda zai zo ya ƙwace su a gaban alƙali. Amma in mutanen can suka ji ƙamshin wani namiji kafin a saki yaran, to an gama. Balle ga Maikuɗi, ƙanin marigayi, wanda tun bara yake aiko da doya da zuma yana cewa matar yayansa ba za ta bar gidansu ba yana raye. Inna takan ce sunan ne kawai, mutumin da ko keke ba shi da shi.

Hanyar kuwa ba a magana. Inda akwai kwalta ramuka sun cinye ta, inda babu kwalta ruwan damina ya yi mata kwari. Suka wuce wata babbar mota ta kwanta da buhunan masara, direbanta yana zaune a kan taya yana cin rake. Suka wuce 'yan sa-kai da bindigoginsu na gargajiya, suka leƙa mota, suka ga tsohuwa, suka ce a sauka lafiya. Duk ramin da aka faɗa sai Inna ta yi salati, sannan ta zagi wanda ya haƙa shi, kamar wani ne ya zo da diga.

Gaba da Rijau kaɗan, inda hanya ta rabu ta fara hawa, taya ta fashe. Inna ta ɗauki buta ta shiga bayan duwatsu. Yahya ya sa jak, ya durƙusa yana kwance notina, bai ɗago ba ya yi magana.

"Salihatu, ni fa wannan ɓoyon bai kwanta mini ba. Ki bar ni in shiga in durƙusa a gaban tsohon nan, in ce masa ga ni, ni ne, zan riƙe jikokinsa kamar nawa. In ya kore ni, ya kore ni da sunana."

"In ya kore ka, da 'ya'yana zai haɗa."

"To in an tambaye ki fa? In ya dube ki ya ce wane ne wannan?"

Ta dubi tayar da ta fashe. Ta so ta ce masa wani abu mai daɗi, ko don zufar da ke ɗiga daga haɓarsa. Ta duba cikin ranta, ba ta samu komai ba sai gajiya.

"Ba za a tambaya ba," ta ce.

Ya ce Allah ya sa. Ya ɗaura tayar, Inna ta dawo tana mitar ƙaya ta kama mata zane, suka ci gaba.

Daga nan motar ba tafiya take ba, rarrafe take. Duwatsu suna bugun ƙasanta, dawa ta yi tsayi a gefe biyu tana shafar gilashi. Sau da yawa matan suka sauka suka taka don mota ta yi sauƙi. Rana ta take tsaka lokacin da suka hango rufin gidan Baba Andarawus a kan tudu, ga rumbuna jere a bakin hanya. Saura 'yar ƙorama ɗaya a tsallake, nan mota ta nutse a laka har gindi.

Inna ta ce ma sha Allah, haka ma ya fi. Direba ya tsaya da motarsa, su su ƙarasa da ƙafa. Ta ɗora wa Salihatu jakar tsaraba, ko waiwayen Yahya ba ta bari ta yi ba.

Gidan rabi masallaci ne rabi coci. Baba Andarawus da matarsa Mama Naomi suna zuwa coci, 'ya'yansu maza sun musulunta, kuma tukunya ɗaya ake ci. Mama Naomi ce ta fara ganinsu. Ta yar da taɓarya, ta rungume Salihatu tana kuka, tana kiran sunan Zaidu, tana cewa uwar Maryam kin rame. Salihatu ta tsaya a cikin hannuwanta tana jin ƙamshin hayaƙi a jikin tsohuwar, tana jira hawaye su zo. Ba su zo ba.

Aka kira yaran daga gona. Maryam ta shigo da gudu, ta yi tsayi, ta yi baƙi, ta faɗa jikin uwar tana cewa Umma, Umma. Bawa ya tsaya a bakin ƙofa da yatsa a baki. Mama Naomi ta yi masa magana da yarensu na Dukanci, sannan ya matso, ya gaishe ta yadda ake gaida baƙuwa. Salihatu ta ciro takalman da ta sayo masu, ta durƙusa ta gwada. Duka biyun sun yi kaɗan. Ta mayar da su cikin leda ta ɗaure bakin.

Maikuɗi ya zo gaisuwa, ya tsuguna daga nesa, idonsa a ƙasa. Dogo ne kamar yayansa, har tafiyar iri ɗaya. Ya ce sun sha hanya, ya ce yau tuwon da za a ci daga rumbunta za a ɗebo, shi da kansa ya sauke jinkar ɗazu da aka hango su. Ya tashi ya tafi kamun zakara.

Maganar rumbun nan sai an yi bayani. A gidan Baba Andarawus duk matar da aka auro ana gina mata rumbu nata, ko da a birni take zaune. Muddin jinka tana kansa, ita 'yar gida ce, tana da baki a kan 'ya'yanta. In mijinta ya mutu wani ya zo aurenta daga waje, shi sabon mijin ne zai sa wuƙa ya yanke igiyoyin jinkar da hannunsa, ya watsa ciyawar. Daga ranar ta zama baƙuwa, ta zo ta gaida yara ta koma. Salihatu ta san wannan tun tana amarya. Ba ta taɓa faɗa wa Yahya ba, don ba ta ga abin da zai haɗa shi da rumbu ba.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗorawa. Baba Andarawus ya fito da sandarsa, aka gaisa, aka yi ta'aziyyar da aka riga aka yi, aka tambayi damina. Sannan Inna Ruka ta gyara zama ta shiga zance. Ta yabi tarbiyyar yaran, ta yabi iskar dutse, ta gangaro kan makaranta, yadda zamani ya zama sai da boko, yadda ga makaranta nan a bayan gidansu. Wallahi in kana jin ta sai ka rantse ba ta san wani namiji mai suna Yahya a duniya ba.

Tsohon yana gyaɗa kai. Ya ce shi ma abin yana ransa, malamin da ke zuwa ƙauyen sai ya ga dama. Ya ce bari a ci abinci tukuna.

A lokacin ne aka ji kukan mota daga ƙasa, ta yi gurnani, ta yi, sannan ta saki. Yara suka kwasa da gudu don kallo. Can sai Maryam ta dawo ita kaɗai, ba gudu take ba, tafiya take a hankali. Ta tsaya a gaban uwarta.

"Umma, shi ne zai tafi da ke?"

Kowa ya tashi.

Abin da ya faru ba shi da wuyar ganewa. Yahya ya ga hadari yana haɗuwa a gabas, ya san in ruwa ya sauko ƙoramar za ta cika ta tafi da motar. Ya nemi abin da zai sa a ƙarƙashin taya, ya hau tudu kaɗan, ya ga tulin busasshiyar ciyawa a ajiye a gefen hanya. Ɗan birni ne, bai ɗaga kai ya ga rumbun da ke tsaye ba hula ba. Ya jawo ta, ya sa wuƙa ya yanke igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa ciyawar a laka. Mota ta fita sumul. Rashin sani ya fi dare duhu.

Suka same shi tsaye, laka har gwiwa, wuƙar tana hannunsa, yana murmushin wanda ya yi abin kirki. Murmushin ya daɗe a fuskarsa kafin ya gane ba wanda ke taya shi.

Mama Naomi ta ɗora hannu a ka ta fara kuka. Maikuɗi ya iso da zakara a hannu, ya dubi rumbun, ya dubi ciyawar da taya ta niƙe, ya saki zakaran, zakaran ya tafi abinsa. Maryam tana faɗa wa uwarta, ba tare da an tambaye ta ba, cewa ita ta ɗauko ciyawar nan daga fadama, ita da Bawa, kawu Maikuɗi ya ɗaura.

Inna Ruka ta fara ruwan magana. Direba ne, ɗan tasha, bai san komai ba, su ma yau suka fara ganinsa, ai irin waɗannan ba su da hankali. Har da ɗaga hannu kamar za ta kai masa duka.

Baba Andarawus ya bar ta ta gaji. Hausarsa mai nauyi ce, a hankali yake ajiye kowace kalma.

"Hajiya, ba ke zan tambaya ba. Uwar Maryam, zo nan."

Ta matso ta durƙusa.

"Kin san abin da yanke jinka yake nufi a gidan nan. In wannan mutum ya zo da magana a kanki, to ya riga ya faɗe ta, kuma ban ƙi ba. Ke yarinya ce, ɗana ya tafi, ba zan ɗaure ki ba. Ki bi shi da albarkata, yara su zauna a gidan ubansu. In kuwa kuskure ne na baƙo, kuskure ne. Ki faɗa mini. Wane ne shi?"

Sai a lokacin Yahya ya fahimta. Wuƙar ta faɗi daga hannunsa. Ya dube ta, bai roƙe ta da ido ba, bai kuma hana ta ba, kallonta kawai yake.

Ita kuwa ba shi take kallo ba. Bawa take kallo, ya riƙe zanen Mama Naomi, ƙafafunsa duk faso, yana leƙen ta kamar yadda ake leƙen mai tallan da ya shigo gida. Ta yi zaton a irin wannan lokaci zuciya takan buga, ko jiki ya yi rawa. Nata bai yi ba. Ta ji bakinta ya buɗe, ta ji muryar kamar ta wata ce a ɗaki na kusa.

"Direba ne, Baba."

Tsohon ya juya. "Haka ne, ɗana?"

Yahya ya ce, "Yadda ta faɗa, Baba."

Baba Andarawus ya ce to madalla, abu ya zo da sauƙi. Ya ce a nan wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Akwai sauran shuci, ciyawar jinka, a rumfa, Maikuɗi zai nuna masa yadda ake yi, ya ɗaura wata jinkar ya mayar wa matar gida rumbunta kafin ruwa ya sauko.

Kaico, Yahya. Ni dai da ƙasa za ta tsage a lokacin da na ce masa ya shige.

Ya cire riga, ya durƙusa a gaban firam ɗin karan da Maikuɗi ya kafa. Maikuɗi yana miƙo ciyawa, yana nuna masa inda zai soka igiya, inda zai ja. Ciyawar tana yanka masa hannu, jini yana fitowa a tsakanin yatsu, bai tsaya ba. Mutanen gida suna tsaye suna kallo, har da na maƙwabta. Salihatu tana zaune a kan dutse, Maryam ta kwanta a cinyarta, ta sa yatsu tana tsefe mata kitson da ya tsufa. Idonta yana kan hannuwan Yahya tun daga farko har ƙarshe.

Can Maikuɗi ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya, amma iska ta kawo mata.

"Malam, na sha shiga mota. Ban taɓa ganin direba yana kallon fasinja haka ba." Ya miƙa masa igiya. "Ja da kyau. In ruwa ya shiga, hatsinta ne zai ruɓe."

Yahya ya ja da kyau.

Su biyun suka ɗaga jinkar, suka ɗora a kan rumbun, ta zauna daram. Mama Naomi ta share ido ta yi guɗa 'yar ƙarama. Aka kawo tuwon dawa da miyar zakaran da aka sake kamowa, Inna Ruka ta ci har da neman ƙari, don a ganinta an tsallake. Aka kai wa direba nasa a mota. Kwanon ya dawo yadda aka kai shi.

Bayan an wanke hannu tsohon ya ce a haɗa wa yara kayansu, za su bi uwarsu su yi karatu. Inna ta fara godiya, ya ɗaga mata hannu. Ya ce da Salihatu ta biyo shi. Ya kai ta gindin rumbun, jama'a na biye.

"Ni tsoho ne, amma ban makance ba," ya ce. "Kin ce direba ne, na karɓa. Ga 'ya'yanki. Muddin jinkar nan tana sama, naki ne, ba mai taɓa su. Ranar da kika so a yanke ta da gaske, ki kawo mini su da ƙafarki kafin a ɗaura aure. Ba na son alƙali, ba na son shaida. Ɗora hannunki a nan, ki kira sunan Allahn da kike yi wa salla."

Inna Ruka ta matso ta mintsine ta a baya, mintsini mai zafi, tana raɗa mata kada ta kuskura, rantsuwa ba wasa ba ce. Ai ita ma ta san ba wasa ba ce. Ta ɗora tafin hannunta a jikin rumbun, ƙasar tana da ɗumin rana. Ta ce wallahi, ta maimaita abin da ya ce, kalma bayan kalma, ba ta rage komai ba.

Maikuɗi ya kawo buhun dawa da galan na zuma ya sa a but ɗin mota. Ya ce mata Allah ya kiyaye hanya, zai leƙo bayan girbi.

Suka gangaro kafin ruwan ya sauko. Inna tana gaba, ta juya fuska waje, tun da aka tashi ba ta yi salati ko ɗaya ba duk ramukan da aka faɗa. Maryam ta yi barci a kafaɗar uwarta. Bawa yana kan cinyarta a sandare, bai jingina ba, amma bai sauka ba. Ga abin da ta shekara biyu tana roƙon Allah, ga shi a hannunta, da nauyinsa da warin ranarsa. Ta sa hanci a kan yaron ta shaƙa. Ta san daɗi ya kamata ta ji, ta san kuma baƙin ciki ya kamata ta ji, ta zauna tsakaninsu ba ko ɗaya.

Yahya yana tuƙi da hannu biyu, ya naɗe na daman da tsumman goge gilashi. Sau ɗaya ta ɗaga ido ta dubi madubi. Ya riga ya karkatar da shi, hanyar baya kawai yake nunawa.

Yayyafi ya fara. Bawa ya daɗe yana kallon ƙeyar mutumin da ke gaba, mutumin da aka sa ya yi aiki a gidansu kowa yana kallo. Ya ja gyalen uwarsa, karo na farko da ya taɓa ta da kansa. Ya haɗa 'yar Hausar da ta rage masa.

"Umma, wane ne wannan?"

Ta buɗe baki. Wannan karon muryar ba ta zo ba.

"Direba ne, yaro," in ji Yahya. Ya kunna abin share ruwa, ya rage giya, don gangaren da ke gabansu yana da santsi.